Hoton da ke kwantar da teku: Yadda masu kyamara ke fama da iska da igiyar ruwa a gaɓar Reynisfjara

Duk mai yawan leƙa Instagram ko Facebook ya taɓa cin karo da irin hoton nan: baƙaƙen duwatsu tsaye ƙyam a bakin teku, ruwan da ya kewaye su ya yi fari fat ya kwanta luf kamar hazo, gizagizai kuma sun miƙe a sama kamar an ja su da tsintsiya.

Mutane da yawa suna ɗauka aikin kwamfuta ne ko na ƙirƙirarriyar basira. Galibi ba haka ba ne. Tsohuwar dabara ce ta ɗaukar hoto, inda ake barin kyamara a buɗe tana shan haske na tsawon sakan 30, ko minti biyu, wani lokaci ma sa'o'i, maimakon ƙiftawar idon da aka saba. Bari mu kira ta dogon buɗi.

Ɗaya daga cikin wuraren da suka fi shahara da irin wannan hoto shi ne gaɓar Reynisfjara da ke kudancin ƙasar Ayislan, a arewacin Tekun Atlantika. A hoto, wurin kamar ka shimfiɗa tabarma ka huta. A zahiri kuwa iskarsa tana iya ture mutum daga tsaye, igiyar ruwansa kuma ta sha yin ajalin baƙi.

A tsakanin abin da hoton ke nunawa da abin da mai ɗaukarsa ke fama da shi ne gwanintar take, a nan ne kuma hatsarin yake.

Yadda ruwa ke komawa hazo

A cikin kyamara akwai wani ɗan ƙyaure da ke buɗewa ya bar haske ya faɗa kan sensa, wato allon da ke karɓar hoto, sannan ya rufe. A wayar hannu lantarki ne ke yin aikin ƙyauren, amma manufar ɗaya ce.

Da rana tsaka ƙyauren kan buɗe na kashi ɗaya cikin 500 ko cikin 1,000 na sakan. Shi ya sa ake iya kama ɗigon ruwa yana rataye a iska, ko ɗan ƙwallo yana tsakiyar tsalle.

Idan aka bar ƙyauren a buɗe na minti biyu, labari ya sauya. Dutse ba ya motsi, don haka haskensa yana faɗawa wuri ɗaya a kan sensa tun daga farko har ƙarshe, sai ya fito raɗau. Ruwa kuwa ba ya tsayawa. A tekun da igiya ke isowa duk bayan sakan 12, igiya goma ce za ta zo ta fashe ta koma a cikin waɗannan minti biyun. Kyamara tana tara su duka ta gauraya, farin kumfa da baƙin ruwa su narke cikin juna, abin da ya rage shi ne wannan farin hayaƙi da ke lulluɓe gindin duwatsu.

Tsawon lokacin ne ke yanke kamannin ruwan. Rubu'in sakan zuwa sakan ɗaya yana barin siffar igiya, ana ganin fararen zare-zare inda ruwa ke ja da baya a kan rairayi. Daga sakan 30 ruwan ya fara zama hazo. Daga minti biyu zuwa huɗu kuwa, idan akwai iska, gizagizai ma suna miƙewa su zama dogayen layuka.

Da haka hoto ya fara

Abin da yau ake yi da gangan, tilas ne ga magabata. Hoto mafi daɗewa da aka ɗauka da kyamara wanda har yanzu yake nan shi ne na Nicéphore Niépce, wani Bafaranshe da ya ɗauki abin da ake hangowa ta tagar gidansa a tsakanin 1826 da 1827. Sai da farantinsa ya sha haske na aƙalla sa'a takwas.

A 1838 Louis Daguerre ya ɗauki hoton titin Boulevard du Temple a birnin Faris. Titi ne mai cunkoson mutane da kekunan doki, amma a hoton ya fito wayam, saboda duk mai motsi ya ɓace a cikin mintunan da aka ɗauka. Wanda ya fito sosai shi ne wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi.

Teku ya fi ba su wahala. Gustave Le Gray, wanda ya ɗauki shahararren hoton babbar igiya a garin Sète na kudancin Faransa a 1857, yakan ɗauki sama daban, ruwa daban, sannan ya haɗa su a takarda ɗaya, domin hasken da ya dace da ɗaya ya yi wa ɗayan yawa.

Bayan da kyamarori suka yi sauri, sai wasu suka koma jinkirin da son ransu. Michael Kenna, ɗan Ingila da aka haifa a 1953, ya yi suna da hotunan baƙi da fari da yakan ɗauka da dare ko da asuba, wasu har na tsawon sa'a goma. Hiroshi Sugimoto na Japan ya fara jerin hotunansa na tekuna a 1980, inda babu komai a ciki sai ruwa da sama da layin da ya raba su.

Baƙin rairayi da ginshiƙan dutse

Reynisfjara tana kusa da ƙauyen Vík í Mýrdal, kimanin kilomita 180 daga Reykjavík babban birnin ƙasar. Rairayinta baƙi ne wuluk, domin garin duwatsun aman wuta ne da ruwa ya daddaka tsawon ƙarnoni. A arewa da wurin akwai Katla, dutse mai aman wuta da ke kwance a ƙarƙashin ƙanƙarar Mýrdalsjökull, wanda ya yi babban amansa na ƙarshe a 1918.

A gefen gaɓar akwai ginshiƙan baƙin dutse masu kusurwa-kusurwa, jere kamar matattakala, waɗanda suka samu lokacin da narkakken dutse ya huce a hankali ya tsattsage. A cikin ruwa kuma ga tsirarun duwatsun Reynisdrangar, mafi tsawonsu ya kai mita 66. Tatsuniyar mutanen wurin ta ce dodanni ne da suke jan jirgin ruwa zuwa tudu da dare, gari ya waye musu suka daskare. Daga yamma ana hango tsaunin Dyrhólaey mai ƙatuwar kafa a tsakiya, da hasumiyar haska wa jirage hanya a kansa.

Masu kallon finafinan Indiya sun taɓa ganin yankin ko da ba su sani ba. A kudancin Ayislan aka ɗauki waƙar Gerua ta fim ɗin Dilwale na 2015, wanda Shah Rukh Khan da Kajol suka fito a ciki, har da baƙin rairayin yankin Vík. Ƙasar da mutanenta ba su kai 400,000 ba ta karɓi baƙi kimanin miliyan 2.3 a 2018, kuma wannan gaɓa tana cikin wuraren da motocin 'yan yawon buɗe ido suka fi tsayawa.

Ga mai dogon buɗi, wurin ya haɗa duk abin da ake nema: baƙin dutse mara motsi, farin kumfa mara tsayawa, da gajimare mai gudu. Sai dai abubuwa biyun ƙarshe, wato ruwa da iska, su ne kuma masu lalata aikin.

Baƙin gilashi da lissafinsa

Matsala ta farko ita ce yawan haske. Idan ka bar kyamara a buɗe na sakan 30 da rana, farar takarda kawai za ka samu. Saboda haka ake ɗora wani baƙin gilashi a gaban idon kyamara, wanda ake kira filtar ND. Aikinsa kamar na baƙin tabarau ne, yana rage haske ba tare da ya sauya launi sosai ba.

Ana auna ƙarfinsa da mataki, kowane mataki yana rage rabin haske, wato yana ninka lokaci sau biyu. Filta mai mataki 6 tana ninka lokaci sau 64. Mai mataki 10 tana ninkawa sau 1,024. Mai mataki 15 kuwa sau 32,768. Kamfanin Lee Filters na Ingila ya raɗa wa nasa sunaye da suka yaɗu a tsakanin masu sana'ar: Little Stopper, da Big Stopper, da Super Stopper.

Misali, idan ba tare da filta ba kyamara ta nemi kashi ɗaya cikin 60 na sakan, da filta mai mataki 6 zai koma kusan sakan ɗaya, da mai mataki 10 kuma kusan sakan 17. Idan gari ya lumshe har kyamara ta nemi kashi ɗaya cikin takwas na sakan, mai mataki 10 za ta kai ka minti biyu da 'yan sakanni.

Yawancin kyamarori ba sa ƙirga fiye da sakan 30 da kansu. Daga nan sai a koma alamar B, inda ƙyauren ke zama a buɗe har sai mai hoto ya rufe shi da rimot.

Sauran saitin ba su da yawa. Ana barin ISO a ƙasa, kamar 100, don kada hoton ya yi tsaki-tsaki. Ana tsayar da kafar shigar haske a wajen f/8 zuwa f/11, domin matse ta har f/22 yana rage kaifin hoto. Ana saita fokas kafin a ɗora filta, saboda bayan an ɗora ta kyamara ba ta gani sosai, sannan a kashe fokas mai sarrafa kansa don kada ya sake lalube. A kyamarori masu madubi a ciki, ana rufe ramin leƙawa na baya, in ba haka ba haske kan sulale ta nan ya bar shunayyar tabo a tsakiyar hoto.

Iska, babbar abokiyar gaba

Duk wannan lissafi ya dogara ne a kan sharaɗi ɗaya: kada kyamara ta motsa ko kaɗan.

Domin a gane yadda kaɗan ɗin take, a ɗauki kyamara mai megafiksel 24 wadda faɗin sensarta mita-milli 36 ne, wato santimita 3.6. A wannan faɗi an jera ɗigo 6,000. Kowane ɗigo bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na kaurin silin gashi ba. Idan hoton ya gusa da 'yan ɗigo kaɗan yayin da ƙyaure ke buɗe, gefen dutsen da ya kamata ya yi kaifi kamar wuƙa sai ya yi dishi-dishi. Idan dutse da ruwa duka suka yi laushi, hoton ya tashi aiki, kuma babu manhajar da za ta dawo da shi yadda ya kamata.

A Ayislan ana auna iska da mita a sakan. Mita 10 a sakan daidai yake da kilomita 36 a sa'a, mita 20 kuma kilomita 72. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin turinta yana ninkawa sau huɗu. Ba banza ba kamfanonin hayar mota na ƙasar ke gargaɗin baƙi su riƙe ƙofar mota da kyau idan za su buɗe, don iska kan fizge ta ta lanƙwasa.

Saboda haka matattarar aikin ita ce sandar kyamara mai ƙafa uku. Masu sana'ar sun daɗe da gano wasu ƙa'idoji.

Na farko, a yi ƙasa. Ana barin siraran gaɓoɓin ƙafafun a ciki, a yi amfani da masu kauri, a baje su sosai. Ba a ɗaga sandar tsakiya, domin da zarar an ɗaga ta kyamara ta koma kan ƙafa ɗaya tana lilo. Ana kuma sanya ƙafa ɗaya ta tokare ta ɓangaren da iska ke tura kayan.

Na biyu, a cire duk abin da iska za ta kama. Igiyar rataya kyamara tana kaɗawa tana bugun sanda, kowane bugu kuma girgiza ne. Hular da ke bakin idon kyamara da faffaɗan mariƙin filta suna tare iska kamar faifai. Wayar rimot ma ana naɗe ta ko a riƙe ta yadda ba za ta ja ba.

Na uku shi ne nauyi. An saba rataya jaka a ƙugiyar da ke ƙarƙashin sandar don ta danne ta. A cikin iska mai ƙarfi jakar da ke reto tana ƙara ɓarna ne, don haka ake sassauta igiyarta har gindinta ya taɓa ƙasa.

Na huɗu, mai hoto kan mayar da jikinsa garkuwa. Yana tsayawa ta inda iska ke fitowa, kusa da kyamara amma ba tare da ya taɓa ta ba, wani lokaci ya buɗe rigar sanyinsa don ya ƙara faɗi. Idan akwai babban dutse da zai kare iskar, ya fi.

Sannan sai sauraro. Iska ba ta kaɗawa bai ɗaya, tana zuwa ne tana lafawa. Wanda ya natsu zai gane tazarar da ke tsakanin bugu da bugu, ya danna a lokacin lafawar. Idan tazarar sakan goma ce, babu amfanin nacewa a kan minti biyu. Gara a sauko zuwa sakan huɗu ko biyar a ɗauki hotuna da yawa a jere, daga baya a haɗa su a kwamfuta, a jefar da waɗanda suka girgiza. Sakamakon yana kusa da na buɗi ɗaya mai tsawo.

Ana kuma amfani da rimot ko jinkirin sakan biyu don kada yatsa ya girgiza kyamara, kuma da yawa suna kashe na'urar hana rawar hannu idan kyamara na kan sanda.

Gishiri da rairayi

Iskar bakin teku ba ta zuwa ita kaɗai. Tana ɗauke da feshin ruwan gishiri wanda ke sauka a kan filta ya bar dabbare-dabbare. A ƙaramin allon kyamara ba a cika ganinsu ba, sai an koma masauki a tarar duk hotunan yinin sun yi hazo a inda ba a so. Shi ya sa ake duba gilashin bayan kowane hoto, a goge da tsumma mai laushi. Ana fara hure rairayin da ya maƙale kafin a goga, don baƙin rairayin nan yana da kaifi, yana karce gilashi. Ba a kuma sauya idon kyamara a fili cikin irin wannan iska.

Ƙasan ma ba ta da amana. A kan jiƙaƙƙen rairayi, duk ruwan da ya zo ya koma yana zaizaye ƙarƙashin ƙafafun sanda, su nutse kaɗan-kaɗan yayin da ƙyaure ke buɗe. A kan dutse kuwa gansakuka da danshi suna sa ƙafar roba ta zame, don haka wasu ke sauya ta da tsinin ƙarfe. Bayan an tashi aiki, ana wanke sandar da ruwan daɗi, in ba haka ba gishiri ya ci makullanta.

Sanyi kuma yana shanye batir da wuri, shi ya sa ake ajiye na ko-ta-kwana a aljihun ciki, kusa da jiki.

Igiya mai sanɗa

Kayan aiki idan sun lalace ana sayen wasu. Babban abin tsoro a Reynisfjara shi ne irin igiyar da ke zuwa ba sallama.

Idan ka miƙe kudu daga wannan gaɓa, babu wata ƙasa da za ta tare ka har yankin Antatika. Igiyoyin da guguwa ta tayar a nesa suna tafiyar dubban kilomita, kuma suna tafiya ne rukuni-rukuni. Wani lokaci wasu su haɗu su ƙarfafi juna, sai igiya ɗaya ta haura tudu nesa da inda sauran suka tsaya. Kafin zuwanta teku kan yi kamar ya lafa na mintuna masu yawa. Shi ya sa hukumar hasashen yanayi ta Amurka, wadda gaɓarta ta yamma ke fama da irin wannan igiya, take ba da shawarar a tsaya daga nesa a kalli teku na aƙalla minti 20 kafin a matsa kusa.

A Reynisfjara ƙasan teku tana gangarawa da sauri daga bakin gaɓa, ruwan da ke komawa kuma yana da ja mai ƙarfi. Ruwan teku mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, zurfin mita ɗaya ya fi tan ɗaya nauyi, wato kimanin buhun shinkafa 20 mai kilo 50. Ruwan da bai wuce gwiwa ba idan yana gudu ya isa ya kayar da ƙato a kan rairayin da ke zamewa a ƙarƙashin ƙafarsa. Ga kuma sanyi: ko a tsakiyar lokacin zafinsu ruwan ba ya kai digiri 15 a ma'aunin Salshiyas, irin sanyin da ke ɗauke wa mutum numfashi da zarar ya faɗa.

A watan Fabrairun 2016 igiya ta tafi da wani ɗan yawon buɗe ido ɗan ƙasar Sin a wurin. A Janairun 2017 wata Bajamushiya ta rasu a gaɓar Kirkjufjara da ke maƙwabtaka. A Nuwamban 2021 wata matashiya 'yar Sin ta rasa ranta, a Yunin 2022 kuma wani dattijo baƙo. Bayan haka hukumomi suka kafa fitilun gargaɗi a mashigar gaɓar, masu aiki da hasashen girman igiya: idan ruwan ɗorawa ta kunnu akwai iyakar da ba a wucewa, idan ja ce iyakar ta ƙara matsowa baya. Duk da haka, a Agustan 2025 wata yarinya 'yar shekara tara daga Jamus ta rasu a wurin.

Mai dogon buɗi yana cikin waɗanda suka fi shiga hatsari, saboda yanayin aikin kansa. Hoton ya fi kyau idan an matsa kusa da ruwa an yi ƙasa. Yana buƙatar a tsaya wuri ɗaya na mintuna. Ido yana kan agogo ko allon kyamara. Gilashi mai faɗin gani, wanda aka fi amfani da shi a irin wannan hoto, yana nuna abu kamar yana nesa alhali yana kusa. Idan ruwa ya taso kuma, zuciya kan raya wa mutum ya tsaya ya ceci kayan miliyoyin naira, sakan biyun da zai ɓata a nan su ne na gudu.

Ƙa'idojin da masu aikin ceto ke nanatawa ba su da wuya. Kada a juya wa teku baya. A san hanyar gudu kafin a kafa sanda. Kada a shiga kogo ko lungun da dutse ya tare bayansa. Inda rairayi ko dutse yake a jiƙe, ruwa ya taɓa zuwa nan kuma zai dawo. Idan mutum biyu ne, ɗaya ya kalli kyamara, ɗaya ya kalli ruwa. Wanda ke son duwatsun su cika hoto yana iya tsayawa can tudu ya jawo su da gilashi mai zuƙowa, duk da cewa shi ya fi jin girgizar iska.

Wata da jadawalin teku

Akwai kuma cika da janyewar teku, wanda ke bin wata. A yawancin gaɓoɓin Atlantika teku yana cika sau biyu a yini, da tazarar kimanin sa'a 12 da minti 25. Cikar ta fi girma a kwanakin tsayuwar sabon wata da kuma tsakiyarsa, lokacin da ya cika da'ira. Duk mai bin lissafin watan Musulunci ya riga ya san waɗannan ranaku.

Ruwan ba ya hawa da gudu ɗaya. A sa'a ta farko bayan ya gama janyewa yana tafiya a hankali, amma a sa'a ta uku da ta huɗu kaɗai yake yin kusan rabin dukkan hawansa. Dutsen da mutum ya taka ya hau da busasshiyar ƙafa yana iya zama tsibiri kafin ya gama hoto biyar. Shi ya sa aka fi son aiki lokacin da ruwa ke janyewa, kuma a duba jadawalin tun kafin a fito, tare da hasashen iska na hukumar yanayi ta ƙasar.

Mai waya ma zai iya

Ba sai da babbar kyamara ake ɗanɗana wannan dabara ba. Tun 2017 wayar iPhone take iya mayar da hoton Live Photo, wanda ke ɗaukar kimanin sakan uku, zuwa hoton dogon buɗi. Google ya sanya irin wannan a wayar Pixel 6 a 2021. Wayoyin Android da yawa suna da sashen Pro inda ake zaɓar tsawon buɗin da hannu.

Galibin waɗannan ba buɗi ɗaya suke yi ba, hotuna da yawa suke ɗauka a jere su haɗa, kamar yadda masu kyamara ke yi idan iska ta hana su sakat. A sashen Pro kuwa, tunda kafar haske ta yawancin wayoyi ba ta matsuwa, sai dai a jira bayan faɗuwar rana ko kafin fitowarta, ko a sayi ƙaramar filta mai maƙalawa.

Wanda ke Legas ko Akara ko Kwatano yana da teku a kusa. Wanda ke nesa da teku yana iya gwadawa a inda ruwa ke zuba a kan duwatsu, kamar Gurara a Jihar Neja ko Matsirga kusa da Kafanchan. Sharaɗin bai sauya ba: a kafa wayar a kan abin da ba ya motsi, a sa jinkirin sakan biyu ko uku, a samu dutse a cikin hoton da zai tsaya cak yayin da ruwa ke gudu. Gargaɗin ma bai sauya ba, domin jiƙaƙƙen dutse da ruwan damina ba su san mai hoto ba.

Abin da hoton bai faɗa ba

Hoton dogon buɗi ba ƙarya ba ne. Duk hasken da ke cikinsa ya shiga kyamara da gaske. Amma abin da yake nunawa jimillar lokaci ce, wadda idon mutum bai taɓa gani ba. A cikin wannan jimilla, igiyar da ta fi kowace girma ta narke cikin ƙananan, ba ta bar wata alama ba face ɗan ƙarin fari a gefen dutse.

Wanda bai san Reynisfjara ba sai ta irin waɗannan hotuna zai iso yana tsammanin wurin hutawa. Don haka akwai nauyi a kan mai wallafa hoton: ya rubuta tsawon sakannin da ya ɗauka, ya faɗi daga inda ya tsaya, ya ambaci fitilar gargaɗi. Layi biyu ne a ƙarƙashin hoto, kuma suna iya sa wani ya ja da baya taku goma.

Hausawa na cewa mai haƙuri yakan dafa dutse. A wannan gaɓa haƙurin ya haɗa da minti 20 na kallon teku kafin a buɗe jaka, da jiran iska ta lafa, da kuma naɗe kaya a koma mota ba tare da hoto ko ɗaya ba a ranar da jar fitila ke kunne.